Takun Yaya

Shafi na 14

Masu cika min waya da "ina ci gaban, ina ci gaban," ku yi haƙuri, ni ma aiki ne ya sha kaina kamar Yaya. Ke kuma da kika rubuto cewa Auta ta cika shisshigi, karanta na yau tukuna, sai mu yi maganar.

* * *

Auta ta daɗe tsaye a ƙofar shagon ba ta yi sallama ba.

Ido ɗaya na kan wayarta, ɗaya na kan yayarta da ta ba ƙofa baya tana ta ɗinki.

Keke na tafiya, lambar da ke fuskar wayar na hawa.

Yaya ta tsaya ta ciji zare. Lamba ta tsaya cak.

Ta sake taka feda. Lamba ta ci gaba da hawa abinta.



Auta ce ta sayo wa Yaya wani agogo da hannunta, ranar da likita ya ce ciwon sugan Yaya ya fara taɓa jijiyoyin ƙafarta ta hagu, kuma magani kaɗai ba zai wadatar ba, sai ta riƙa takawa kullum. Agogo ne mai ƙirga taku. Duk takun da Yaya ta yi sai ya fito a wayar Auta. Yau tana hutu daga asibitin da take aikin jinya, ta buɗe waya ta ga Yaya na ta zuba tafiya. Daɗi ya kama ta, ta zura kambas ta nufi hanyar bayan filin ƙwallo don su jera tare. Ta kai ƙarshen hanyar ta dawo, ta sake komawa. Babu Yaya babu alamarta, amma a waya tafiya ake ba ji ba gani.

Shi ne ta biyo shago.

"Salamu alaikum."

Yaya ta zabura har ɗinkin ya karkace.

"Auta! Wa'alaikumus salam. Kin tsorata ni wallahi. Ba kya wurin aiki?"

"Hutu nake. Yaya, ƙarfe nawa?"

"Ga waya a hannunki kina tambayata lokaci?"

"A agogonki nake son ji."

Yaya ta kalli tsintsiyar hannunta, wayam. Ta ja hannun riga ta rufe.

"Yana caji."

"Yana caji kuma yana tafiya?"

"Ke, ban son iyayi. Ja kujera ki zauna, ki cire min zaren rigar nan tunda kin zo."

Auta ba ta zauna ba. Ta ƙarasa gaban keken ta durƙusa, ta ɗage yadin yunifom da ya zubo ya rufe ƙasa.

Ga agogo nan.

An ɗaure shi tam a jikin feda da shuɗin ƙyalle, har an yi masa ƙulli biyu kada ya kwance.

Ni dai da na ga ɗaurin nan cewa na yi, basira kam Allah ya ba Yaya, wurin da za a sa ta ne aka samu matsala.



"Yaya, mene ne wannan?"

"Agogo ne. Ba ke kika sayo shi ba?"

"A hannu na ce ki ɗaura."

"Yana kama min yadi."

"Shi ne kika ɗaura wa keke?"

Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Yaya ta gyara zama ta haɗe rai kamar ita aka yi wa laifi.

"To wai tsaya. Aljani ne ke taka min fedar? Ba ƙafata ba ce? Tun safe nake takawa har yamma. In wannan ba motsa jiki ba ne, mene ne?"

"Da wace ƙafa kike takawa?"

"Ban gane ba."

"Kin gane sarai. Da wacce?"

"Ta dama."

"Wacce likita ya yi magana a kai?"

Yaya ta ɗauki almakashi ta hau datse zaren da bai yi mata komai ba.

Auta ta kwance agogon ta miƙe.

"Kin san abin da lambar nan ta sa ni? Kin sani?"

"Me ta sa ki kuma?"

"Na daina hawa lif a asibiti. Bene nake hawa da ƙafa, da kayan aiki a hannu. In na taso, ƙafafuna kamar ba nawa ba, sai in sauka daga mota tun kafin a zo layinmu in ƙarasa a ƙasa. Ranar da na wuni tsaye a ɗakin haihuwa na dawo ko ruwa ban iya sha ba, na buɗe waya na ga lambarki ta ninka tawa. Na ce Yaya mai shago, mai yara, mai ciwo ta iya, ni wace ce? Na tashi na fita ina hawaye don gajiya."

Ta ɗaga agogon sama.

"Ashe duk watannin nan da keken ɗinki nake tsere!"

Yaya ta so ta danne, abin ya ƙi. Dariya ta ƙwace mata, ta toshe baki da gefen mayafi.

"Dariya ma na ba ki?"

"A'a, yi haƙuri. Amma ai ga shi kin faɗa, kin yi kyau, wuyanki ya fito. Sai ki gode wa keken."

"Yaya!"

"To me kike so in ce?"

"Gaskiya nake so ki faɗa min. Kin taɓa fita ma kuwa?"

Nan dariyar ta ɗauke. Yaya ta ajiye almakashin da ƙarfi har akwatin zare ya girgiza.

"Na taɓa fita? Ni kike tambaya na taɓa fita?"

"Ke nake tambaya."

"To saurara. Da farko da sassafe nake fita. In dawo in tarar yara ba su yi wanka ba, abbansu yana tsaye da makullin mota yana huci, ƙaramar ta sa takalmi bai-bai. In zo shago a makare in tarar da mutum a ƙofa yana duba lokaci. Na ce to bari in koma yamma. Yamma kuwa ita ce kasuwata, lokacin ma'aikata ke tasowa su biyo gwaji da karɓar ɗinki. Na gwada tsakar rana, saura kaɗan in faɗi a bakin titi."

"Da kin faɗa min ai..."

"Ban gama ba. Duk wanda ya san ni ya gan ni a ƙasa sai ya taka birki. Maman yara lafiya? Shigo in rage miki hanya. In ce motsa jiki nake, ya bi ni da kallo kamar na zare. Akwai wanda har ya kira abbansu ya tambaye shi ko mun samu saɓani."

Auta ta kauda kai.

"Duk wannan na shanye. Kin san abin da ya karya min gwiwa?"

"Mene ne?"

"Wata kwastomata ce, shekara da shekaru ni nake mata ɗinki. Ta tare ni a hanyar bayan filin nan, gaban mutane, ta kalle ni tun daga kambas har ɗankwali. Ta ce, au, kina da lokacin yawo, ɗinkina ne ba ki da lokacinsa? Washegari ta aiko aka kwashe yadinta. Ba ta tsaya nan ba, ta bi ƙawayenta tana cewa na zama 'yar gayu, na bar aiki na koma guje-guje."

Ta yi gyaran murya.

"Ke in an gan ki kina tafiya, cewa za a yi nas ce, ta san lafiya. Ni in an gan ni a titi, kowa rigarsa yake hangowa a rataye ba a gama ba. Tela ba ya da ikon miƙe ƙafa, Auta. Ranar da ya miƙe, ranar ya zama maƙaryaci."

Kafin Auta ta buɗe baki waya ta ɗau ƙara a kan teburin yanka. Yaya ta duba, ta runtse ido, ta ɗaga. Nan take murya ta canza, ta koma zuma.

"Ranki ya daɗe, Malama, ina wuni? Eh, ina kai. Wallahi yanzu haka a kansu nake. A'a, ba za a buɗe makaranta yara ba kaya ba, in sha Allahu. Na manya ne kawai suka rage, da wandunan. To. To. Na gode, a gai da gida."

Ta kife wayar, ta nuna tulin yadin da ya kusa kai taga.

"Kin ji da kunnenki. Shugabar makaranta ke nan, kiranta na nawa yau ban sani ba. Ki ce min in tashi in bar wannan in tafi zaga fili."

Gaskiya a nan na ɗan tausaya wa Yaya. Duk wanda aiki ya taɓa shaƙe wa wuya ya san yadda ake kwanciya da niyyar gobe, a tashi gobe ta sake zama gobe.

Amma Auta ba ta sauko ba.

"Duk na ji. Sai ki ce min kin kasa. Me ya kawo ƙarya?"

"Ban shirya miki ƙarya ba."

"Ƙulli biyu fa kika yi masa!"

"Daga baya ne. Ranar farko faɗuwa ya yi. Na cire shi na ajiye a gefen keke, ya zame ya faɗa kan feda ban lura ba. Na wuni ina ɗinki. Da yamma sai ga saƙonki."

"Wane saƙo?"

"Kin manta, ni ban manta ba. Kika ce, Yayata ta kaina, yau kin burge ni. Har da hoton tafi."

Yaya ta kalle ta ido cikin ido.

"Tun da kika ɗaura min agogon nan, ranar ce ta farko da kika turo min saƙo babu faɗa a ciki."

Yaya ta ci gaba tana kwaikwayon muryar Auta.

"Kullum Yaya lambarki ta yi ƙasa. Yaya jiya ba ki yi komai ba. Yaya so kike ki kashe kanki? In ga sunanki a waya gabana ya faɗi, kamar mai bin umarnin kotu. Ke agogo kika saya min kika koma gefe kina gadina. Ko sau ɗaya kin taɓa zuwa kin ce Yaya tashi mu je?"

"Yau na zo."

Maganar ta fito a hankali, amma ta sami Yaya inda ba ta zata ba.

"Yau na zo, Yaya. Da murnata na fito. Na zaga hanyar nan ina leƙa fuskar duk matar da na hango. Har na fara tunanin ko faɗuwa kika yi a wani wuri."

Yaya ta sunkuyar da kai tana murza zare a yatsa.

"Ni ki bar tawa," in ji Auta. "Umma fa?"

"Kada ki sako Umma."

"Sai na sako ta. Kullum na shiga ɗakinta kafin ta amsa gaisuwata sai ta ce, yau yayarki ta taka? In nuna mata waya. Ba ta iya karanta lambar ba, amma sai ta karɓa ta shafa fuskar wayar ta ce Allah ya yi mata albarka, ita dai ba za ta bi sawuna ba. Yau in na koma me zan ce mata? In ce keke ya taka?"

"Na ce ki bari!"

"Wannan keken na waye?"

Yaya ta kauda kai.

"Na waye, Yaya?"

"Na Umma ne."

"Me take cewa duk ranar da aka ce ta tashi ta je asibiti?"

Yaya ta san amsar sarai. Bari in gama wannan ɗinkin. Haka Umma ta yi ta faɗa har ɗan ƙaramin ciwon da ke yatsarta ya ci ƙafar zuwa gwiwa, likitoci suka ce babu yadda za a yi sai an yanke.

"Keken nan ya ci ƙafa ɗaya a gidanmu," in ji Auta. "Wallahi ba zan zuba ido ya ci ta biyu ba."

Hawaye ya zubo wa Yaya. Ta share da bayan hannu cikin fushi, kamar hawayen ne ya yi mata rashin kunya.

"Ke kina makaranta lokacin. Ni na kwana da ita. Ni na riƙe ta da ta farka ta kai hannu tana laluben inda ƙafar take. Kina tsammanin na manta? Kina tsammanin ba na tsoro?"

"To in kina tsoro..."

"Tsoron ne ma yake zaunar da ni! In ina kan keke ba na tuna komai, daga wannan hannun riga sai wancan. Da na fita ni kaɗai a hanya, ba abin da nake ji sai muryar likitan nan. Kowane taku sai ya tuna min dalilin da ya sa nake yinsa."

Auta ta ja kujera ta zauna a karo na farko. Fushin yana nan, amma ya rasa inda zai sauka.

"Da kin faɗa min haka tun farko."

"Da kin tambaya."

A waje wani mai mota ya danna ham ya wuce.

Yaya ta ja hanci.

"Kuma ma dai ki kwantar da hankalinki. Ƙafar ta yi sauƙi."

"Sauƙi kamar yaya?"

"Da fa zugi take min, kamar ana tsira min allura, ga zafi kamar na taka garwashi. Yanzu shiru kake ji. Ta daina damuna gaba ɗaya."

Auta ta ɗago kai.

"Tun yaushe ta daina?"

"An ɗan kwana biyu. Ina ga maganin ne ya karɓe ni."

Auta ta san wannan ba sauƙi ba ne. Ta miƙe tsaye.

"Ina kambas ɗin da na sayo miki?"

"Me za ki yi da shi?"

"Fita za mu yi. Yanzu. Ni da ke."

"Ke Auta, kin ji Malama fa da kunnenki."

"In mun dawo ni zan zauna in sa miki maɓallan duka, in yi miki guga. Hutu nake. Duk wadda ta tare ki a hanya ta ce ina ɗinkinta, ni zan ba ta amsa."

"Ke da ko allura ba ki iya zura wa zare ba."

"Ina zura ta a jijiyar mutum, zare ne zai gagare ni? Ina kambas?"

Yaya ta yi nuni da baki zuwa ƙarƙashin teburin yanka.

Auta ta jawo kwalin. Ƙura ta yi masa lulluɓi. Ta buɗe, ta ɗaga takalmin ƙafa ɗaya, sai ga maɓallai na zubowa ƙasa, farare da shuɗɗa, suna gangarawa ko'ina.

"Yaya! Takalmin ma ma'ajiyar maɓalli kika mai da shi?"

"To yana zaune ba ya komai."

"Kamar mai shi."

"Zan ci mutuncinki fa, ni ba sa'arki ba ce."

Amma ta juyo da kujerarta ta bar keken a baya. Wannan juyowar kaɗai, Allah ya sani, ba ƙaramin abu ba ne a wurin Yaya.

"Zagaye ɗaya," ta ce tana ɗaga yatsa. "Ɗaya tak. Kuma ba ta gaban shagon mai gyaran waya ba, bakinsa ba ya shiru."

"Na ji."

"Kuma ba za ki faɗa wa Umma ba."

"Wannan sai na yi tunani."

"Auta."

"Miƙo ƙafa."

"Ni zan sa abina."

"Kafin ki sunkuya kin tuno wani ɗinkin. Miƙo."

Yaya ba ta sa takalmi in tana shago, ta ce silifas na hana ta jin feda. Ta miƙo ta dama tana ƙunƙuni. Auta ta kakkaɓe zaren da ya manne a tafin, ta zura mata safa, ta sa takalmin ta ɗaure igiya.

"Ya matse?"

"Ya yi daidai. Yi sauri kafin wata ta faɗo."

"Ɗayar."

Yaya ta jawo ta hagu daga ƙarƙashin kujera, inda take wuni a naɗe, ta ɗora a cinyar Auta. Hankalinta na kan tulin yunifom, tana lissafin wandunan da suka rage da ido.

Auta ta kai hannu za ta kakkaɓe tafin.

Hannun ya tsaya.

A gefen dunduniya wani ɗan kan ƙarfe ke ƙyalli. Fil ne, irin wanda Yaya ke kafe yadi da shi kafin ta yanka. Ya shige har wuya. Jinin da ya fito ya riga ya bushe ya yi baƙi, naman da ke kewaye ya kumbura ya yi ja.

Auta ta sa babban yatsa kusa da wurin ta danna. Ta ƙara dannawa da ƙarfi, idonta na kan fuskar yayarta.

Ko gezau.

"Yaya."

"Mene ne kuma? Sa min mu tafi kafin in canza shawara."

"Kina jin hannuna?"

"Hannunki a ina?"

Safar ta zame daga hannun Auta ta faɗi cikin maɓallan.

"Yaya, tun yaushe fil ɗin nan yake ƙafarki?"

Yaya ta juyo ta dube ta.

"Wane fil?"